Akwatin Duwatsun Malam

Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mijina Malam ya riga ni. Ranar Talata da hantsi ya cika a asibiti, hannunsa na cikin nawa, bayan shekara arba'in da wani abu muna tare. Ni ban yi boko ba, ajami ma ban iya ba. 'Yarmu ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Mutane sun zo, ba zan ɓoye alherinsu ba. Gidanmu a unguwar Highbridge ta Bronx hawa na huɗu ne, lifta kuma ta tsaya a makon, amma tsofaffi suka yi ta hawowa suna dafa bango. Direbobin tasi 'yan Kumasi sun ajiye motocinsu sun zo. Mai shagon kusurwa, mutumin Nijar, ya aiko da buhun shinkafa. Wata maƙwabciyarmu da ba ta jin Hausa ta tsaya bakin ƙofa tana hawaye, ta ce sau uku yana gyara mata ƙafar kujera. Mata sun cika falo, maza sun jeru har kan matakala. Kowa ya ce, "Ya haƙuri, Hajiya?" in ce, "Da godiya."

Ranar sadakar uku ne gaisuwar ta sake launi. Na lura in na ɗago kai sai hira ta mutu. Wata da ta sha cin tuwona ta janye ƙafarta daga bakin ƙaramin ɗakin Malam kamar ta ga kunama. Wata tsohuwa kuma da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Allah Ya yafe masa abin da ya ɓoye." Ban gane ba.

Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, ƙanen Malam ya kira ni kicin. Abokin wasana ne tun ina amarya a Kumasi. "Matata" yake ce mini, ni kuma in ce masa rago. Ran nan Hajiya ya kira ni.

"Hajiya, me Yaya yake yi a ɗakin can?"

"Aikinsa."

"Wane aiki? Yaushe rabonsa da aiki? Na shiga neman kujera na ga akwati. Duwatsu ne a ciki, kowanne an naɗe shi da farin ƙyalle. Ga takardu da zane gida-gida kamar hatimi. Na kai wa liman guda, ya ce shi bai san irin wannan ba."

"Itace ne," na ce.

"Da hannuna na ɗaga. Dutse ne."

"Itace ne da ya zama dutse."

Ya runtse ido. "Abin da shi ma ya taɓa faɗa ke nan. Hajiya, ni ba maƙiyinsa ba ne, ciki ɗaya muka fito. Yanzu yana kwance ana tambayarsa. In abin da nake tsoro ne, duk kwanan da akwatin ya yi a gidan nan nauyi ne a kansa. Ranar bakwai, in an shafa addu'a, zan kai shi gada in zuba a kogi. Haka ake yi wa irinsa, sai ruwa mai gudu."

'Yarmu ta shigo ta fara magana, rabi Hausa rabi Turanci. Ya juya ya ce, "Ke kin taɓa duba abin da ke ciki?" Ba ta taɓa ba kuwa. Yanzu ma da take rubutawa ta ce in tsallake wannan wurin, na ce ta rubuta.

Na san abu ɗaya. In akwatin nan ya shiga kogi, magana ta tabbata ke nan. Daga Bronx har zangon Kumasi za a ce Malam ya mutu ya bar tsafi, ƙanensa ya zubar. Mutumin da ban taɓa ganin alfijir ya same shi a kwance ba. Sai na sa 'yarmu ta jawo akwatin falo, na lulluɓe shi da zane, na zauna a kai. Ina cikin takaba. Wane namiji ne zai ce wa mai takaba tashi? A kansa na karɓi sauran gaisuwa. In zan yi salla ko zan kewaya, 'yarmu ta zauna. Kwana huɗu muka yi haka. Bayana ya yi ciwo, amma zaman ya ba ni lokacin tuna shi.

Ubansu kafinta ne a zangon Kumasi. Malam tun yana ƙarami a rufe masa ido a miƙa masa guntun katako, ya shafa, ya sansana, ya ce wannan odum ne, wannan maɗaci. Da ya zo ƙasar nan bai sami aikin katako ba, tsintsiya ya samu, a wani gidan bincike inda ake nazarin tsofaffin abubuwan da aka tono daga ƙasa. Wata rana yana zubar da shara sai ya ga guntun dutse mai zobe-zobe. Ya bi shi da babban yatsa, ya je wurin Baturiyar da ke shugabancin ɗakin ya ce mata, "Wanda ya yanka wannan bai san itace ba. A karkace ya yanka." Ya ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya nuna mata yadda ya kamata. Daga ranar ya ajiye tsintsiya.

Aikinsa shi ne ya yanki dutsen da zarto na musamman, ya manna shi a kan ɗan gilashi, ya yi ta gogawa da wani gari da ruwa har ya fi ɓawon albasa siranta, har haske ya ratsa shi. Sannan a sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, a ga cikin itacen yadda Allah Ya tsara shi tun yana da rai. Gugar ta cinye zanen yatsunsa. Da aka je ɗaukar hoton yatsa don takardu sai da aka yi ta maimaitawa. Ya dawo yana dariya, ya ce, "Yau an ce mijinki ba shi da shaida."

In an tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Guga nake yi." Mutane suka ɗauka gugar daɓe ce, shi kuwa ya bar su a haka. Akwai dalili. Wata sallar layya, ana cin nama a falon nan, ya yi kuskuren ɗauko dutse ɗaya ya nuna. Ya ce wannan bishiya ce da ta tsaya a bakin wani rafi tun kafin a yi gari ko ɗaya a duniya, laka ta binne ta, ruwa ya yi ta shiga yana ajiye ma'adini a gurbin itacen har ta taurare. Wasu suka yi dariya. Ƙanensa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, zama da mutanen nan ya fara shigarka. Dutse dutse ne, itace itace ne. Kowanne yadda aka halicce shi." Malam ya ce, "Wanda Ya halicce su bai iya juya su ba?" Murya ta hau, baƙi suka fara neman takalmansu. Wata biyu ba su yi wa juna magana ba, sai da na dafa waken da suke so na zaunar da su a kwano ɗaya. Daga nan Malam bai ƙara nuna wa kowa ba. Ya ce wanda bai tambaya ba, ba a cusa masa.

Ni ma mun yi tamu. Na taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin duwatsun na daka daddawa da shi, don na ga ya yi daidai da hannu. Ya shigo ya same ni. Bai ɗaga murya ba, ya karɓa, ya wanke, ya shanya a taga. Kwana biyu yana cin burodi da shayi, ya ƙi taɓa tuwona. Rana ta uku ya ce, "Miyar ta yi daɗi kuwa? Don da tsohon abu kika daka." Tun daga nan ya fara naɗe su da farin ƙyalle, tsohon zanen gadonmu ne na yayyaga masa da hannuna. Farin ƙyallen da ya tsorata mutane ke nan.

A cikin itatuwan duka akwai wanda ya fi so. Wani ne na ƙasashen sanyi da ke fitowa a bakin ruwa, Turawa na ce masa alda. Ya taɓa kawo mini ɗanyen reshensa ya sara a gabana. Fari ne da farko, kafin in ɗauko wuƙa in mayar ya yi ja kamar an tauna goro. Ya ce gane shi bayan ya zama dutse sai mai haƙuri, don yana da 'yan'uwa masu kama da shi. Akwai mai farin ɓawo, akwai wasu. Sai an yi yanka uku: a gitta shi kamar rake, a tsaga shi ta tsakiya, a fere shi ta gefe. A yankan fari za a ga ƙananan ramukan da ruwa ke bi, a warwatse daidai wa daida. A na biyu za a ga wani abu kamar tsani a mahaɗar hanyoyin ruwan. A na uku za a ga jijiyoyin da ke tafiya daga zuciyar itace zuwa ɓawo, sirara, ɗaya bayan ɗaya, amma a wani wurin sai su taru su yi dami. Ya ce mai farin ɓawo yana da tsani, ba shi da dami. Wani kuma yana da dami, ba shi da tsani. Wani yana da duka biyun, sai an ƙidaya matakan tsanin kafin a raba su.

Daga nan ya samo maganarsa da kowa a gidan nan ya haddace: "Ba a raɗa wa itace suna da yanka ɗaya." In na kawo masa ƙarar wata, ita zai faɗa. In 'yarmu ta ce wane mugu ne, ita zai faɗa. Har haushi take ba mu.

Sun taɓa yin jayayya da Baturiyar a kan wani dutse. Ta ce mai farin ɓawo ne, a rubuta a wuce. Ya ce a jira. Ya yi kwanaki yana yanka yana guga, yana dawowa gida ba ya magana, ni kuma ina tsoron kada a sallame shi. Sai ga damin ya fito a wani gefe. Ya ce ta tara 'yan ɗakin ta faɗa a gabansu cewa shi ke da gaskiya. Amma duk lokacin da ya ba da labarin nan sai ya haɗa da na ranar da shi ya yi kuskure ta gyara masa. Abin da ya fi burge shi kuwa, ko bayan an ga duka alamomin, ba a ba dutsen sunan mai rai. Sai a ce "itace mai kama da na alda", tunda ba a ga ganyensa ba, ba a ga 'ya'yansa ba. Yakan ce, "Kin ga kunya? Iyakar abin da ka gani, shi za ka faɗa."

Da ya yi ritaya suka ba shi tsohon madubi da guntayen da ba a buƙata. Sai idonsa ya fara raunana. Ni kuwa har yau ina zura allura ba tabarau. Shi ya sa bayan karin kumallo yakan rufe ƙofar ɗakin don kada ƙura ta shiga, ya kunna madubin, ya daidaita, ya ce, "Zo ki ara mini ido." In duba in ƙidaya matakan tsani, shi kuma ya rubuta a gidajen da ya zana. Hatimin ke nan. Rabin abin da ke cikin takardun nan daga bakina ya fito. Kuma don ban iya karatu ba, ya ɗiga mini alama a gefen kowane gilashi: ɗigo ɗaya yankan fari, biyu na biyu, uku na uku.

Amma shi ke kunnawa, shi ke daidaitawa. Ni ban taɓa ba.

Ranar bakwai aka shafa addu'a bayan azahar, aka raba waina. Mutane ba su watse ba kamar yadda aka saba. Kowa ya sami abin da ya tsayar da shi. Ƙanen Malam ya zo ya tsaya a gabana, liman na bayansa.

"Hajiya, lokaci ya yi."

"Ina zaune."

"Kada ki sa in yi abin da ba na so."

"Ɗaga ni mana. Ga jama'a."

Liman ya ce, "Hajiya, ba wanda zai taɓa ki. Amma shi ma yana da haƙƙi a kan ɗan'uwansa. In akwai abin da kika sani, ki faɗa."

Na ce, "Malam liman, faɗa ba ta yi ba, shi ma ya gwada. Sai dai ku gani."

Na sa 'yarmu ta ɗauko madubin ta ajiye a tebur. Na tashi daga kan akwatin, karo na farko a gabansa. Na ga idonsa ya bi akwatin. Na buɗe, na zaro gilasai uku na dutsen da na daka daddawa da shi, mai kama da na alda. Na danna inda nake ganin Malam na dannawa, fitila ta kama. Na sa mai ɗigo ɗaya, na kafa ido. Fari fat, ba komai. Na juya abin da ke gefe. Ba komai. Na ji wata a bayana ta ce, "Ai dama ba kowa suke bayyana wa ba." Hawaye suka cika mini ido, abin ya ƙara dushewa.

Ƙanensa ya sunkuya ya kama hannun akwatin.

Na ce, "Bari."

Na share ido da bakin mayafi. Sai na tuna yadda yatsun Malam ke yi. Abin juyawa biyu ne a gefe. Ba babban yake juyawa da ƙarfi ba, yakan sauke shi a hankali, sannan ya koma ƙaramin, kamar mai neman tasha a rediyo. Na yi haka. Sai ga su, ramukan nan ƙanana, da layin shekara ya gitta su.

Liman ya cire tabarau ya duba. Ya daɗe. Ya ce, "Kamar saƙar zuma."

Na sa mai ɗigo biyu, na nemo wurin. Na ce, "Me ka gani?"

"Tsani."

"Ƙidaya matakansa."

Ya ƙidaya a hankali ya faɗa. Na miƙa masa takardar da ke naɗe da dutsen na ce ya duba gidan farko. Ya duba takarda, ya duba madubi, ya sake duba takarda. Ya ce, "Lambar ce." Sannan na zaro gilashin da Malam ya yi da ɗanyen reshen nan, na sa masa. Tsanin dai ne. Liman ya miƙe ya yi tasbihi a hankali, ya juya ga ƙanen Malam ya ce, "Alhaji, zo ka duba."

"Ba sai na duba ba."

"Kai ka kawo mini takarda. Zo."

Bai zo ba. Yana tsaye, hannunsa ɗaya har yanzu a kan akwatin. Sai na ɗauki dutsen kansa, na kwance ƙyallen, na ɗora masa a tafin hannu. Na ce, "Rago, ɗan kafinta ne kai ko ba shi ba? Rufe ido ka shafa."

Ban san abin da ya sa na kira shi haka ba a irin wannan rana. Ya kalle ni kamar zai yi faɗa. Sai na ga babban yatsansa ya fara tafiya a kan fuskar dutsen da kansa, daga tsakiya zuwa baki, yana tsayawa a kowane zobe. Haka Malam ke yi. Haka ubansu ke yi. Leɓensa na motsi, yana ƙidaya. Da ya kai baki sai ya zauna a ƙasa, a nan gaban mata, ya kifa kai a gwiwa. Kafaɗunsa na rawa.

Da ya ɗago ya ce, "Uku kika ciro. Ina na ukun?"

Na sa masa. Ya durƙusa ya duba, ya canza ido, ya sake dubawa. Ya ce, "Me zan gani?"

"Jijiyoyi sun yi dami."

"Ban gani ba."

"Shi ma kwanaki ya yi kafin ya gani."

Ya mayar da dutsen cikin ƙyallensa, ya naɗe shi da kyau, ya sa a akwati, ya rufe. Ya ɗauki akwatin. Ya wuce ƙofar fita, ya shiga ƙaramin ɗakin, ya ajiye shi inda ya same shi.

Ranar Juma'a liman ya yi bayani a masallaci, aka ce ƙanen Malam ya tashi ya ce shi ya fara maganar, a yafe masa. Amma magana ta fi mai ita sauri. Na san ta riga ta kai zango, kuma gyaranta ba zai bi duk ƙofar da ta shiga ba. Shi ya sa na sa a rubuta wannan. Duk wanda ya ji waccan, a karanta masa wannan. Mijina kafinta ne ɗan kafinta. Ya san itace yana da rai, ya san shi bayan ya zama dutse, bai taɓa roƙon kowa komai ba sai Allah.

Ina kewarsa. Da safe in na gama karin kumallo sai in ji kamar zai ce in ara masa ido. Allah Ya haskaka kabarinsa fiye da yadda yake haskaka gilasansa, Ya yafe masa kurakuransa na gaskiya, Ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Ƙanensa yana zuwa duk Asabar da hantsi. 'Yarmu ta buɗe masa, ni ina daga gefe saboda takaba. Ya koyi kunna madubin da kansa. Jiya ya daɗe a kai, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Hajiya, kamar na ga wani abu ya taru a nan."

Na ce, "Kamar, ko ka gani?"

Ya sake kafa ido. Ya ce, "Kamar."

Na ce, "To ka dawo."